Matasanmu masu ƙungiyoyin kare muhalli, ku shigo gayyar yankan kachalla

Ƴan uwa matasa masu ƙungiyoyin kare muhalli a Kano da Dutse da Damaturu, wallahi ina yaba muku dashen itace, amma akwai aikin da ya fi buƙatar hannunku kuma ba a cika ganinku a wurin ba, shi ne yankan kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a cikin ruwa, a fadamun Haɗeja da Nguru.

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka ciyawa ce kawai. Da can ruwa yana zuwa da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe, kachalla bata samun wurin zama. Tunda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara na Challawa a 1992 ruwan ya koma gudu kusan duk shekara, ita kuma abin da take so kenan, ta cika hanyoyin ruwa irin su Marma ta riƙe laka ta toshe su, sai kaga nan ambaliya ta cinye gonar shinkafa can ƙasa wajen Gashuwa kuma ana neman ruwan ba a samu. Masunci ya rasa inda zai jefa taru, sauro ya samu gida, tsuntsayen jan-baki su kwana a cikinta da safe su sauka kan gero da shinkafar talaka. Kuma fa wannan wurin ne tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su zo su yi hunturu, tafkin Nguru da Marma tun 2000 suna cikin jerin Ramsar na dausayin da duniya ta damu dasu.

Mutanen ƙauyukan basu zauna jira ba, gayya suke yi. Mutum ya shiga ruwa har ƙirji da lauje ko adda, ganyen na yankar hannu, matsattsaku na manne a ƙafa, ya sunkuya ya yanke ta a ƙarƙashin ruwa saboda in ka sare daga sama kwana kaɗan ta sake tofowa, in kututturen ya nutse ne yake ruɓewa. Wasu na kan kwale-kwale suna jan wadda aka yanka zuwa gaɓa. Duk wannan ba ko sisi, kuma cikinsu harda dattawan da ya kamata ace suna hutawa, abin nan yana ci min rai gaskiya.

Na san za a ce ai aikin gwamnati ne ta kawo injin, haka ne ta kawo, amma injin ba ya shiga kowane lungu kuma bayan ya tafi wani ne zai riƙa bibiya.

Don Allah ku je ku gaida mai gari da sarkin ruwa, ku tambayi ranar gayya, kar ku je da niyyar koya musu komai don sun fiku sanin ruwan. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a gaɓa yana kwashewa, wanda ba zai iya zuwa ba ya haɗa kuɗin safar hannu da takalmin roba da maganin tsargiya a kai musu.