Sabis ɗin ƙasa daban, na sama daban

Ana yawan cewa duk inda waya ta nuna sabis a cike, jirgi mara matuƙi mai layin waya a cikinsa zai iya yin nisa ba fargaba. Masu faɗin haka suna da hujja, tunda ta 4G ɗin nan namu ake aika masa umarni. Sai dai abin ba haka yake ba.

Eriyoyin da ke kan dogon ƙarfen sadarwa ƙasa aka karkatar da su, wajen mutane. Jirgin da ya kai tsayin mita 100 ya fita daga tsakiyar siginar, ragowar da ke tsiyaya ta gefe yake samu. Can sama kuma ba gini ba bishiya, sai ya riƙa jin ƙarfuna da yawa lokaci guda suna shiga wa juna, layinsa na tsalle daga wannan zuwa wancan. Wajen tsallen nan umarni ke makara, ko ya yanke.

Ɗauki mai duba gonakin shinkafa a Kadawa. Wayar hannunsa sabis fal, amma jirgin na hawa sama hoto ya tsaya cak. Abin da ya fi damuna shi ne, GPS ke gaya wa jirgin inda yake, netwok ke kai labarin ga masu lura da zirga-zirgar sama. In netwok ɗin ya yanke, jirgin ya ɓace musu.

Shi ya sa ake auna sigina a tsayin da za a tashi, a sa layukan kamfani biyu, a saita jirgin ya komo da kansa in sadarwa ta katse. Izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kuma wajibi ne.