Kaset ɗin Yaya da waƙoƙin da suka ƙi tsufa

Jiya da yamma na shiga adaidaita zan koma gida, direban yaro ne wallahi da ƙyar in ya kai shekara 22, muna cikin tafiya kawai sai naji wani bugun ganga ya tashi daga sipikarsa, can sai jitar bes ta shigo tana tafiya kamar mai sanɗa. Tsigar jikina ce ta tashi. Billie Jean ce ta Michael Jackson. Nace masa ɗan samari a ina ka san wannan waƙar? Yace Baba a TikTok na jita, sai na nemo ta gaba ɗaya don kiɗan ya kama ni. Nace to waƙar nan da ka ke ji ta girme ka da kusan shekara 20. Bai yarda ba sai da ya duba waya.

Tun jiyan abun yake min yawo a rai, shi yasa nace bari dai in zauna in rubuta. Na sani akwai ƴan uwa da basa sauraron kiɗa kwata kwata saboda fahimtarsu ta addini, ina girmama wannan, kuma rubutun nan ba fatawa bace, labarin wani zamani ne da muka rayu a cikinsa. Na kuma san wani zai ce ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To naji. Amma ni abunda nake cewa shine waƙoƙin turawa na shekarun 1980, na fof da na rok, akwai wani abu a jikinsu da yasa har yau basu mutu ba, kuma ba wai kawai tsufa ne yake sa mu faɗin haka ba, tunda gashi yaron da ba'a haife shi ba lokacin ma ta kama shi.

A gidanmu rakoda ɗaya ce ta Yayana, Allah ya jiƙansa, mai cin batir shida manya, in batirin ya fara sanyi sai kaji muryar mawaƙi tana ja kamar wanda ya tashi daga barci, sai mu ciro su mu shanya a rana. Baba shi ruwansa Shata da Ɗan Maraya Jos sai labaran BBC, waƙar turawa in yana gida ba mai kunnawa, sai ya fita kasuwa ko an tafi ɗakin samari a soro. Kaset kuwa ba kowa ke iya sayen na asali ba, sai dai ka sayi wanda ba komai a ciki, TDK ko Maxell, ka kai shagon masu rikodin ka rubuta musu sunayen waƙoƙin da kake so a takarda, ka dawo bayan kwana biyu. C-60 minti 30 kowane gefe, C-90 minti 45. Kaga dole kayi tunani kafin ka zaɓa, don gurin kaɗan ne, waƙar da bata cancanta ba bata shiga. In zare ya sarƙe a ciki ka ciro a hankali ka naɗe da biro, in ya tsinke ka liƙe da salatif ko jan farce. Wanda ya sha wannan wahalar kafin yaji waƙa to ba zai saurare ta da rabin kunne ba.

Kuma fa yawancinmu ba jin turancin muke ba sosai. Muna ajin farko na sakandare, turancin malami ma da ƙyar, balle na Ba'amurke yana rerawa da sauri. Amma amshin yana zama a kai. Wannan shine abu na farko da nake ganin mutanen nan sun iya, suna gina amshi wanda ko baka san ma'ana ba bakinka zai riƙe, kamar dai yadda ƴan amshin Shata suke, wanda baya jin Hausa ma in ya zauna minti biyu zai fara binsu. Sai daga baya da girma yazo muka gane me ake cewa. Billie Jean ashe labarin wata ce da ta liƙa wa mutum ɗa shi kuma yana rantsuwa ba nasa bane. Every Breath You Take ta ƙungiyar The Police, wadda tayi sati 8 a saman jadawalin Amurka a 1983, mu duk a zatonmu waƙar soyayya ce mai sanyi, ashe ta mai baƙin kishi ce da ya sa wa mace ido ya hana ta sakat, shi kansa Sting da ya rubuta ta haka ya bayyana. Ranar da na gane wannan sai da na koma na sake jinta daga farko kamar sabuwa.

Abu na biyu haƙuri. Ku saurari farkon Billie Jean, kusan daƙiƙa 30 ana kiɗa kawai ba'a ce uffan ba. Quincy Jones, wanda ya tsara faifan Thriller da waƙar take ciki, yaso a rage wannan gurin, Michael ya ƙi, yace nan ne ke sa shi jin rawa. Yau wane mawaƙi ne zai iya wannan kasadar? In daƙiƙa biyar ta wuce baka fara ba an shafa an wuce gaba. Faifan nan ya fito ƙarshen 1982, waƙa tara ce kacal a ciki, bakwai daga ciki duk sun shiga goman farko a Amurka, sannan a 1984 Michael ya kwashe kambun Grammy guda 8 a dare ɗaya. Kuma abunda yake burge ni har yau shine Beat It, yadda aka ɗauko Eddie Van Halen, cikakken ɗan rok mai jitar lantarki, aka saka shi a tsakiyar waƙar baƙar fata. A lokacin a Amurka gidajen rediyo a rabe suke, na rok na farare daban, na baƙaƙe daban, tashar MTV da aka buɗe a 1981 ma ba kasafai take nuna baƙaƙe ba. Wannan faifan yana cikin abunda ya rusa katangar. Mu a nan bamu san wannan siyasar ba, mu dai mun san in jitar nan ta fara kuka Yaya yana ƙara murya har ƙarshe.

Amma zan faɗi gaskiya, ba duka ne zinare ba, kuma akwai abubuwan da da na sani daga baya sun sosa min rai.

Na farko maganar Manu Dibango. Wannan bawan Allah ɗan Kamaru ne, maƙwabcinmu, a 1972 ya saki Soul Makossa lokacin da ƙasarsu ta karɓi gasar cin kofin Afirka. Amshin nan da ake ta maimaitawa a ƙarshen waƙar farko ta faifan Thriller, wanda duk muke bi muna tafi, daga wajensa aka ɗauko ba tare da an tambaye shi ba, sai da ya kai ƙara kafin aka sasanta aka biya shi. Ka duba fa. Kayanmu ne ya tsallaka teku aka sa masa sabuwar riga ya dawo mana muna ta mamakin fasahar Amurka, kuma da yawa cikinmu har Dibango ya rasu a 2020 basu san sunansa ba. Wannan yana min ciwo har yanzu.

Sai Boney M, wanda kusan ba gidan da ke da rakoda da babu kaset ɗinsu tun ƙarshen shekarun 1970, su da ABBA. Namijin nan mai rawa a gaba ashe a faifai ba muryarsa bace, ta Bajamushen da ya haɗa ƙungiyar ce, Frank Farian. Shi ɗin dai ne kuma ya haɗa Milli Vanilli, samarin nan biyu masu dogon kitso da aka ƙwace musu Grammy a 1990 bayan an gano basu rera ko baiti ɗaya ba a faifan. Saboda haka duk wanda yace maka a da ba'a algus a waƙa bai faɗa maka daidai ba.

Inda nafi daɗewa ina tunani shine 1984 zuwa 1985, lokacin yunwar Habasha. Wanda ya kai shekaruna ya san farin wannan lokacin ba Habasha kaɗai ya tsaya ba, mu ma nan arewa da Nijar an ji jiki, dabbobi sun mutu, mutanen karkara sun cika gari suna neman abunda zasu sa a baki. A Ingila Bob Geldof ya tara mawaƙa suka yi waƙar kirsimeti don tara kuɗi, a Amurka kuma Harry Belafonte ya kawo shawara, Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta We Are the World, aka tara mawaƙa sama da 40 a ɗaki ɗaya a Los Angeles a daren 28 ga Janairun 1985 suka kwana suna ɗauka. Ta tara sama da dala miliyan 60. Ranar 13 ga Yuli kuma akayi Live Aid, babban wasan waƙa na tara kuɗin agaji, a filin Wembley na Landan da kuma Philadelphia lokaci guda, har Phil Collins yayi wasa a Landan ya hau jirgin Concorde ya je ya sake yi a Amurka a ranar. Ƴan ƙungiyar Queen sun yi wajen minti 20 ne kawai amma har gobe ana maganar wannan wasan, mawaƙinsu Freddie Mercury shi kaɗai yana juya mutum dubu 70 da wani abu da murya, ya ɗaga su amsa, ya sauke su amsa, wallahi duk wanda ya taɓa zama a filin kalankuwa ya san wannan salon. Kuma a Zanzibar aka haife shi. Sade ma da ta rera a Wembley ranar a Ibadan aka haife ta.

To ni zuciyata biyu akan wannan abun. Ba zan taɓa raina wanda ya ciyar da mai jin yunwa ba, kuɗin nan ya ceci rayuka, kuma in naji muryar Stevie Wonder da Bruce Springsteen suna karɓe karɓe a ƙarshen waƙar nan har yau idona yana kawo ruwa. Amma ita ta Ingila in ka zauna ka fassara baitukanta zakaga an zana Afirka kamar wani fili ne da ba ruwa ba shuka ba kogi, alhali ƙasar da ake wa waƙar daga cikinta ruwan Nilu mafi yawa yake fitowa, kuma Habashawa sun karɓi kiristanci tun ƙarni na 4, kafin turawan Ingila. An taimake mu amma ba'a san mu ba. Shi yasa nafi ganin girman Stevie Wonder, da ya karɓi Oscar, lambar yabon fina finai ta Amurka, a 1985 ya sadaukar da ita ga Mandela yana kurkuku, gidan rediyon gwamnatin wariyar launin fata ya hana sa waƙoƙinsa, bai janye ba.

Sai 1988, bikin cikar Mandela shekara 70, a Wembley ɗin dai. Wata yarinya baƙa da ba kowa ya santa ba, Tracy Chapman, ta fito ita kaɗai da jitar katako, ba ƴan rawa ba ƙyale ƙyale, ta rera Fast Car, labarin yarinyar da ta bar makaranta don ta kula da ubanta mashayi tana mafarkin fita daga talauci. Ita kam wannan ko da ƙaramin turancinmu mun gane ta, don labarin ba baƙo bane a unguwarmu. Shekara 35 bayan nan, a 2023, wani mawaƙin kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, mai suna Luke Combs ya sake rera ta, ta sake hawa sama, har aka ba Tracy kambun waƙar shekara na mawaƙan kantiri, ita ce baƙar mace ta farko da ta samu. Haka Kate Bush, waƙarta ta 1985 sai a 2022 ta hau na ɗaya a Ingila saboda yara sun jita a wani shirin talabijin. Tsohuwar zuma kenan. Wannan ba mu tsofaffi muka yi ba, ƴaƴanmu ne da wayoyinsu.

Ba ina cewa yaran yanzu basu iya waƙa bane, a'a, akwai masu baiwa sosai, kuma naji daɗi da na rayu naga ranar da mawaƙan Najeriya ke cika manyan filaye a Landan da sunansu da yarensu ba sai an sace musu amshi ba. Abunda nake jin tsoro shine saurin. Waƙa ta fito yau, sati uku an manta, shi mawaƙin ma ya san haka don haka baya ɓata lokacinsa wajen gina ta, daƙiƙa 15 ɗin da za'a yi rawa dasu kawai yake nema. Kuma kowa da abun kunnensa shi kaɗai. Mu kuwa mutum takwas ne a ɗaki ɗaya kan tabarma ɗaya, in waƙa ta ƙare ayi ta gardama a mayar ko a barta ta wuce saboda batir.

Da na isa gida jiya sai da na sa aka sauko min da tsohuwar akwatin Yaya daga saman sif. Kaset 14 suka rage, wasu duk sun yi fumfuna. Akwai wani C-60 da rubutun hannunsa da jan biro a jiki, gefen farko waƙa ta ƙarshe Hello ce ta Lionel Richie, kuma zaren ya ƙare ne kafin waƙar ta ƙare, dai dai inda jita ta fara sai kaji ƙwas rakoda ta tsaya. Shekaru nayi ban san yadda waƙar ta ƙare ba. Yanzu gata a wayata cikakkiya, amma duk sanda ta zo wannan gurin sai naji jikina ya tsaya yana jiran ƙarar nan, ina jiran Yaya ya miƙa hannu ya juya kaset.