Ka saki uwarsu, amma su fa?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Akwai kalmar da ke fita daga bakin magidanta cikin sauƙi bayan aure ya mutu: "Halin uwarka ka ɗauko." Ita ma can gidan iyayenta, yaro na yin laifi sai ka ji: "Kai da ubanka duk ɗaya." Yaron ba zai ce komai ba, amma ya ji. An gaya masa rabin jikinsa abin ƙi ne, kuma waɗanda ya fi yarda da su a duniya ne suka faɗa.

Daga nan hali ke soma karkacewa. Yaron da aka mayar ɗan aike, "je ka ce wa ubanka kuɗin makaranta", ya dawo a tsare shi da tambayar me matar uba ta dafa, wa ya zo wurin uwarsa zance, da wuri yake gane cewa gaskiya tana jawo masa duka. Sai ya koyi fuska biyu, ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Wani ya zama shiru-shiru har a riƙa yabonsa da kunya, alhali tsoro ne. Wani ya huce a kan ƙannensa, ko ya koma majalisar da ake sauraronsa, ko da majalisar 'yan shaye-shaye ce. Agola kuwa, ko abinci zai ci sai ya fara kallon fuskar mai gida. Gobe ita yarinyar da ta tashi a haka za a aurar, a ce ta amince da namiji.

Saki halal ne, wani auren ma rabuwar ita ce rahama. Sai dai Allah Ya gindaya sharaɗi a Suratul Baƙara, aya ta 229: riƙo da alheri ko saki da kyautatawa. A aya ta 233 kuma Ya hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ko uba ta hanyar ɗansa. Abu Dawuda ya ruwaito matar da ta kai ƙara wajen Manzon Allah (SAW), ta ce cikinta ne mazaunin ɗanta, nononta abin shansa, cinyarta makwancinsa, ga shi uban ya sake ta yana son ƙwace shi. Annabi ya ce ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya, riƙon ɗa namiji na wajen uwa har ya balaga, 'ya mace har ta tare a ɗakin miji. Idan uwa ta yi aure, kakarsu ta wajen uwa ke biye. Ci da sutura kuwa suna wuyan uba duk inda yaran suke. Mu da muka haddace wannan a littafin fiƙihu na Risala, mu ne kuma ana yaye yaro muke aikawa a ɗauko shi, a miƙa wa amaryar da ko sunansa na yanka ba ta sani ba.