Kilo 10 a wata guda? Ku ji tsoron Allah

Na ga abin da aka yi wa baiwar Allah nan jiya, kuma har yanzu raina bai huce ba. Mace ta fito ta ce mako 7 ke nan tana keto, wato tsarin cin abinci na yanke sitaci da yawaita maiƙo, don ta rage ƙiba, ta bar tuwo, ta bar shinkafa da taliya, ko masa ba ta kai baki ba. Makon farko kilo 3 ya tafi, tun daga nan sai rabin kilo a mako, tana tambaya me take yi ba daidai ba. Sai kuka yi mata caa a ka. Wannan ta ce satar ci take yi, waccan ta ce ba ta da himma. Ita kuwa kocin rage ƙibar da ta karɓi kuɗinta bisa alƙawarin sauke kilo 10 a wata, ta shigo ta ce mata wai ta binciki kanta. Wa ya kamata ya binciki kansa a nan, wadda ta sayar da ƙarya ko wadda aka sayar wa?

Yarinyar nan ba ta gaza ba. Kilo 6 a mako 7 aiki ne mai kyau, kuma rabin kilon da take rainawa shi ne ainihin ragin ƙibar. Wancan kilo 3 na makon farko da ta ɗauka shi ne ma'auni, yawancinsa ruwa ne.

Ruwa ne, wallahi ruwa ne. Jikin mutum yana ajiye suga a hanta da tsoka, abin da ya kai giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da kin yanke abinci mai sitaci, cikin 'yan kwanaki jiki zai cinye wannan ajiyar, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari. Insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya sauka, ƙoda ta saki gishiri, wani ruwan ya bi bayansa. Shi ya sa a makon farko mutum bai da aiki sai zagayawa banɗaki, ga ciwon kai, ga jiri, ga kasala, wani lokaci har ƙafa ta riƙe. Kamar jiƙaƙƙen zane ne aka matse: ya yi sauƙi a hannu, amma zanen yana nan yadda yake. Kuma ranar da kika je biki kika ci faranti ɗaya na shinkafa, washegari sikeli ya hau da kilo 1 ko 2, ba kitse kika tara cikin dare ba. Ajiyar ce ta cika, ruwanta ya dawo. Mata nawa ne suka watsar da komai saboda wannan safiyar guda, suka ce ai jikinsu ba ya jin magani?

Mu yi lissafi, don shi lissafi ba ya kara. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, kusan 7,700. Kilo 10 ya kama 77,000. Raba shi kwana 30, sai ka samu sama da 2,500 a kullum. Mace matsakaiciya kuwa abin da jikinta ke ƙonawa a yini bai wuce kusan 2,000 ba. Ma'ana ko ta rufe bakinta gaba ɗaya, ko loma ba ta ci ba tsawon wata, kitse kilo 10 ba zai narke ba. To abin da ko yunwa tsantsa ba za ta yi ba, ta yaya ƙwai da man shanu za su yi shi? Hukumar lafiya ta Ingila da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) duk abu ɗaya suke faɗa: rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Daidai abin da yarinyar nan ke samu ke nan, kuka sa ta kuka a kai.

Na san za a zo min da "ai ni na san wadda ta sauke kilo 12 a wata". To, na ji. Mai nauyin kilo 130 tana sauka da sauri a farko fiye da mai kilo 80, maza ma sun fi mata saurin gani, kuma duk da ruwan a ciki, har da tsoka. Ku nuna min ita bayan shekara. Hoton kwana 30 kowa yana da shi, na wata 12 ne ba a gani. A Jami'ar Stanford, Christopher Gardner da abokan aikinsa sun bi mutum 609 tsawon shekara guda, aka buga sakamakon a 2018. Rabi sun rage sitaci, rabi sun rage maiƙo. Masu rage sitaci sun sauke kusan kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗoriya. A shekara fa, ba a wata ba, kuma da ƙwararrun masana abinci a kansu suna koya musu. A cikinsu akwai wanda ya sauke da yawa, akwai wanda ma ƙaruwa ya yi. Yarinyarmu ta yi kilo 6 a mako 7 ita kaɗai a kicin ɗinta, ana ce mata mai satar ci.

Sai masu cewa keto daban ne, maiƙo ne ke ƙona maiƙo, ki ci iya cinki. Wannan maganar ita ta fi cutar da masu farawa. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko man ja kusan 120 ne. Ki zuba ludayi a miya, ki ɗora man shanu a kofi, ki zauna da kwalbar gyaɗa kina watsawa har dare, sannan ki ce sikeli ya ƙi motsi. Jiki zai fara ƙona man da kika zuba masa kafin ya taɓa wanda ke ajiye a tumbi. Ni ba na gaba da keto, kar a juya min magana. Yana kashe yunwa ga mutane da yawa, yana raba mutum da lemon kwalba da burodi da cincin, kuma ta nan amfaninsa yake zuwa: kina cin ƙasa da abin da kika saba ba tare da wahala sosai ba. Asalinsa ma ba don ƙiba aka tsara shi ba. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo ya kawo shi don masu farfaɗiya. Tsarin abinci ne mai amfani da iyaka, ba laya ba.

'Yar'uwa, idan kina karanta wannan, ki share hawayenki. Kilon da kika shekara 8 ko 10 kina tarawa tsakanin haihuwa da jego da zama, ba zai bar ki a wata ɗaya ba, kuma wannan ba laifinki ba ne. Ki daina hawa sikeli kullum. Sau ɗaya a mako ya isa, da safe, kafin ki ci komai. Ki sani kusa da al'ada jiki kan riƙe ruwa har sikeli ya hau ko ya tsaya, alhali kitse na raguwa a ƙasa. Ki sami tef irin na tela ki riƙa auna ƙugunki, sau da yawa siket yana riga sikeli ba da labari. Za ki yi mako 2 ko 3 ba motsi, sannan ya sake sauka, haka abin yake ga kowa. Kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kaɗai yana taɓa hawan jini da suga. Mai kilo 90, wannan kilo 4 da rabi zuwa 9 ne. Kin riga kin shiga ciki.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne abin da alƙawarin ƙarya ke tura mutane su yi idan adadin bai cika ba. Sai a koma cin abinci sau ɗaya a yini, a haɗa da shayin rage ƙiba, wanda da yawansa ganyen sa zawo ne dangin filasko. Gashi ya fara zuba, fuska ta zabge, ga haɗarin tsakuwa a matsarmama da ke biyo bayan ramewar gaggawa. Iyayenmu masu ciwon suga da ke kan allurar insulin ko ƙwayoyin sauke suga, a yanke musu tuwo dare ɗaya ba tare da likita ya gyara magani ba, sugan na iya faɗuwa har mutum ya suma. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, duk ana zuba su a rukuni ɗaya a tura musu jadawali ɗaya. Kocin ta tambayi wani cikinsu maganin da yake sha? Lambar asusu kawai ta tura.

Kuma ku duba yadda ƙwai da nama da kifi suke a kasuwa yanzu. Mace ta matse kuɗin cefane, ta dafa wa gida tuwo, ta koma gefe da kabejinta da zogale, yara na ci tana kallo, sannan a ce mata ba ta da himma.

Wai ni ma wa ya kawo mana wannan ɗabi'ar ta ɗinka anko ƙasa da jiki? Rabin masu neman kilo 10 a wata, biki ne a gabansu, an riga an kai wa tela leshi an ce ya rage awo, wai kafin ranar za a shiga. Su ma telolin ba sa cewa komai, sai su yanka. Don Allah malam tela, idan ta ce ka rage, ka bar mata inci 2 a ciki ta kowane gefe, ko ba ta sani ba. Leshin nan da tsada aka saye shi.