Daren da Na Mayar da Falona Japan

Wayata ce ta ja min. Na raba dare ina kallon yadda mutanen Japan ke gashin da suke kira yakiniku: ɗan murhun gawayi a tsakiyar tebur, nama an yanka shi falle-falle, kowa ya ɗora nasa, ya juya, ya tsoma a romo ya kai baka. Kafin asuba na gama shawara, ranar Asabar zan tara 'yan'uwa. Uwargida ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sa mu ga alheri." Duk mai aure ya san wannan ba addu'a ce kawai ba.

Na je wurin mahauci na ce ya yanka min kilo uku, siriri kamar takarda. Ya ce, "Alhaji, kilishi za a yi?" Na ce abincin Japan ne. Na sa ya haɗa min da harshen saniya, tunda a garin Sendai gasasshen harshe abin tinƙaho ne. Ya ƙunshe min yana yi min kallon wanda ke buƙatar tofi.

Romon tsomin, sunansa tare, da ruwan waken soya ake haɗa shi da sukari da mirin da sake. Sai da na bincika na gano biyun ƙarshen nan barasar shinkafa ce. Na yi a'uziyya, na zabga zuma a madadinsu. Shinkafarsu kuwa gajera ce mai danƙo, ni kuma doguwa gare ni, sai na ce a ƙara mata ruwa. Tuwo muka samu.

Babbar wautar a gawayi take. Nasu, binchotan, wanda na yankin Wakayama ya fi suna, tauri gare shi har in ka buga biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kuma da ƙyar yake hayaƙi. Ga bututun zuƙe hayaƙi a kan tebur a gidajen gashinsu da yawa. Nawa na bakin layi ne, ruwan sama ya taɓa shi, bututuna kuma fanka ce.

Bayan isha'i baƙi suka iso. Cire takalmi da zama kan tabarma ba su ba kowa wahala ba, nan ne kaɗai muka yi kunnen doki da Japan. Na koya musu cewa "itadakimasu" kafin ci. Kawu ya ce bismillarsa ta ishe shi. Da na miƙa masa farantin ɗanyen nama na ce kowa zai gasa nasa, ya ce, "Ɗana, walima ka kira mu ko aikin gayya?"

Sannan na raba tsinkayen cin abinci bibbiyu. Kawu ya soke nasa a tsaye cikin tuwon. Na ce kul, a Japan mamaci ake yi wa haka. Ya ce namu mamatan addu'a suke so. Yaya kuwa, mai cika bakin babu attaruhun da ke sa shi tari, ya hango koren wasabi ya ɗauka fiya ce, ya lakato cokali guda. Shi wasabi ba a harshe yake tsayawa ba, hanci yake bi ya hau kai. Mutum mai 'ya'ya biyar ya miƙe yana hawaye yana salati.

Ana cikin haka zumar ta ɗiga kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Muka yi waje muna tari, maƙwabci ya shigo da bokitin ruwa ya sheƙa wa kurfotin, ya haɗa da rabin naman da kafet ɗin uwargida.

A tsakar gida ƙanena ya ɗanɗana yanka ɗaya da ya tsira, ya ce, "Yaya, ai wannan tsire ne aka hana shi ƙuli da yaji." Ba wanda ya musa. Na aiki yaro bakin titi ya sayo tsire na gaske, muka ci da hannu, Kawu na sakace da tsinken Japan.

Sati guda labule na warin ƙauri. Da na koma kasuwa, tun daga nesa mahaucin ya ɗaga murya, "Alhaji, yaya kilishin, ya bushe?"