Hoto ɗaya kullum, sannan ka je Gidan Makama ka gwada idonka

Jama'a, wayoyinmu cike suke da hotuna, amma kaso mafi tsoka fuskokinmu ne da na biki. Ka nemi hoton ƙofar gidan kakanka kafin a shafe ta da siminti, ko na maƙerin unguwarku yana zuga, sai ka tarar babu. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa titi. Dubban mutane ne ke bi ta cikinta kullum, to mutum nawa ne suka ajiye hotonta mai kyau, da kwanan wata a jiki? Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shi ya sa nake ganin duk mai waya mai kyamara ya ɗora wa kansa aiki guda: hoto ɗaya kullum, har shekara ta zagayo, kowanne da bayaninsa.

Ba a ce ka danna sau ɗaya ba. Danna sau goma ko ashirin, amma da daddare ka zaɓi guda ɗaya tak, shi ne na ranar. Zaɓin nan shi ne karatun, don nan ne za ka tambayi kanka me ya sa wannan ya fi wancan.

Kayan aiki ba su da yawa. Wayar da ke hannunka ta isa. Hoton kyamara mai megafiksel 12 yakan ci megabait 3 zuwa 5, wato hotuna 365 ba za su kai gigabait 2 ba. Abin da ya fi ɓata hotunan mutanenmu kuwa shi ne maiƙon yatsa da ƙura a idon kyamara, musamman da hunturu. In ka ga hoto ya yi dishi-dishi, fitilu suna jan jela, goge idon da ƙyalle mai laushi kafin ka zargi wayar. Kada ka ja zum da yatsu biyu, yanke hoton kawai yake yi yana buɗa shi, ya fito kamar an jiƙa. Taka da ƙafarka ka matsa. Haske kuma na hantsi da na bayan la'asar sun fi, wajen bakwai zuwa tara na safe, da ƙarfe huɗu da rabi zuwa gab da magariba. Da rana tsaka inuwar hula takan rufe idanun mutum, farar riga kuma ta ƙone ta rasa aikin da ke jikinta.

Yawanci a mako na uku aikin ke mutuwa. An ɗauki gida, an ɗauki titi, an ɗauki yara, sai mutum ya ce abin ɗauka ya ƙare. Bai ƙare ba, ido ne bai saba ba. Maganinsa ka ba kowane mako jigo: wannan makon ƙofofi, na gaba hannayen masu sana'a, sai inuwa, sai duk abin da yake shuɗi. Ka kuma ware wuri ɗaya kusa da gida, bishiya ko mahaɗar hanya, wanda za ka koma masa duk ranar da kai ya kulle. Bishiya ɗaya da damina da kaka da hunturu da bazara, hotuna huɗu ne mabambanta. In rana ta kuɓuce maka, bar gurbinta haka. Kada ka ɗauko hoton jiya ka lanƙaya masa kwanan yau, domin da zarar ƙarya ta shiga kwanan wata, kundin ya rasa darajarsa ta shaida.

In ka yi wata biyu kana wannan, to ka shirya zuwa gidan tarihi. Mutumin Kano bai da uzuri, ga Gidan Makama nan daura da Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano. Gini ne na ƙarni na 15, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, tun yana riƙe da sarautar Makama. A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan zamanin zuwan Turawa bayan 1903. Mutumin Kabi yana da gidan tarihin Kanta a Argungu, na Yamai yana da na Boubou Hama da aka buɗe a 1959.

Dalilin zuwan kuwa, babu inda ke tona asirin mai ɗaukar hoto kamar ginin ƙasa. Tun daga zaure za ka gane. Waje rana ƙwal, ciki duhu, waya ta rasa wanda za ta bi. In ta bi waje, ciki ya zama baƙi ƙirin, in ta bi ciki, bakin ƙofa ya zama fari fat. Taɓa allon a kan abin da kake so ya fito, ka ja 'yar alamar rana da za ta fito a allon ƙasa kaɗan don rage haske. Gara hoto ya ɗan yi duhu, ana iya ɗago shi daga baya, amma inda ya ƙone ya tafi kenan. Tsaya minti biyu idonka ya washe, sannan ka ɗaga kai. Dubi yadda aka jera azara a rufi, da yadda bakan gizo ya taso daga bango ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya. Yawancin maziyarta ba sa ɗaga kai ko sau ɗaya, kuma a can gwanintar maginan take.

Zanen bango yana son haske daga gefe. In ka tsaya rana tana bayanka, dagin da ke jikin bangon zai kwanta ya zama kamar fenti. Koma gefe, inda haske ke shafar bangon a karkace, sai kowane tudu ya jefa 'yar inuwarsa, har sawun yatsun magini ka gani a jikin yaɓen.

A ɗakunan ciki matsala biyu ce, girgiza da gilashi. In haske ya yi ƙaranci, kyamara takan daɗe idonta a buɗe, kuma da ya wuce kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, rawar hannu za ta nuna. Manne gwiwar hannu a haƙarƙari, sa ƙidayar daƙiƙa 2 ko 3 don kada dannawar ta motsa wayar, ka riƙe numfashi. Kada ka jingina da bango ko akwatin kaya, ba don haka aka ajiye su ba. Mai saita kyamara da hannu ya tsayar da ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, tsakanin 400 da 800, in ya haura 1600 a waya hoton zai cika da tsaki-tsaki. In ka ga ratsi-ratsi masu duhu suna gilmawa a allo, ƙyaftawar fitilar ɗakin ce, saboda wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Mayar da lokacin buɗewar idon kashi ɗaya cikin 50 ko cikin 100 na daƙiƙa, za su ɓace. Gilashi kuwa madubi ne. Mai farar shadda zai ga kansa a kan takobin da yake ɗauka. Sa tufa mai duhu, kusanto da wayar dab da gilashin ba tare da ta taɓa ba, ka kare gefenta da tafin hannu. Filasha a kashe: farin tabo kawai za ta bar maka, kuma haske mai ƙarfi yana kashe launin tsohon saƙi da tawadar rubutun hannu a hankali.

Tun a bakin ƙofa ka tambayi ma'aikata ko an yarda da ɗaukar hoto, da ko akwai kuɗinsa daban. In sun hana a wani ɗaki, ka bari. Mutane ma haka, musamman matan aure da yara, a nemi izini tukuna.

Yanzu ga abin da na fi so mai wannan aiki ya kwaso daga gidan tarihi. Tsaya gaban tukunya ko garkuwa, ka rufe takardar bayanin da ke gefenta da hannu a zuciyarka. Me ya rage? Tukunya kawai, irin wadda za ka wuce a kasuwar Kurmi ba ka waiwaya ba. Layi biyun nan, inda aka samo ta da zamaninta, su suka sa ka biya kuɗi ka zo kallonta. Hotonka ma haka yake. Don haka a gidan tarihi ka fara ɗaukar takardar bayani kafin kayan, a gida kuma kowane hoton rana ka rubuta masa abu uku: yaushe, ina, mene ne. Sunan fayil ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sai wuri, misali 2025-01-14 Ƙofar Mata marina. Da haka hotunan za su jera kansu. In dattijon da ke bakin karofi ya gaya maka sunan wani kayan aiki, rubuta shi nan take yadda ya faɗa, don kafin dare ka manta.

Sai ajiya, inda ake yawan kuka. Hoton da ke waya kaɗai yana hannun ɓarawo da ruwa. Wanda ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, an kuma cire bayanan rana da na kyamara da ke ɓoye a cikinsa, sai dai in ka tura shi a matsayin fayil. Facebook ma yana rage ingancinsa. Ajiye kwafi uku: waya, kwamfuta ko filas na USB, da kuma intanet, inda asusun Google ke ba da gigabait 15 kyauta. Ware ranar Juma'a ko Lahadi don kwashewa. Ƙarshen kowane wata kuma ka kai guda huɗu ko biyar a wanke maka su a takarda, ka rubuta bayanin a bayansu da fensir, saboda tawadar biro takan huda ta ɓata fuskar hoton.