Motar yaƙi marar rufi da masu ihu bayan hari

Tun da hotunan tankokin Rasha masu keji a ka suka cika intanet, wato rumfunan ƙarfen nan da sojoji ke yi wa walda don tare jirage marasa matuƙa a Yukren, masu sharhin yaƙi na Facebook suka samu sabon abin wasa. Sai a ɗauko hoton M10 ko M18, motocin farautar tanka na sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu waɗanda samansu a buɗe yake, a rubuta a ƙasa wai injiniyoyin wancan zamanin makara suka ƙera wa sojojinsu. Sau uku na ci karo da wannan a makon jiya, kuma ya ishe ni.

Wanda ya cire rufin nan ba mantuwa ya yi ba. M18, wadda kamfanin Buick ya ƙera, nauyinta bai kai tan 20 ba, kaurin sulken jikinta milimita 13 ne kacal, amma a kan kwalta tana wuce kilomita 80 a sa'a. Panther, tankar Jamus da aka tura M18 ta farauto, tan 45 ce. Taura biyu ba ta taunuwa: ko ka ɗauki ƙarfe, ko ka ɗauki gudu.

Nauyi ma ba shi ne babban dalili ba. Ido ne. Wanda ke cikin rufaffiyar tanka ta 1944 yana leƙen duniya ne ta wani ɗan gilashi, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Inji na ruri a bayansa, kuma duk harbi ɗaya hayaƙin albarushi ya cika ɗakin har ido ya yi ruwa. Shi kuwa kwamandan M18 kansa a waje yake, da madubin hangen nesa a wuya, yana jin ƙarar sarƙar tankar maƙiyi kafin ta ɓullo, mai ɗura harsashi a gefensa ma yana taya shi kallo. A faɗan tanka da tanka, yawanci wanda ya riga gani shi ke riga harbi. A Arracourt ta Faransa, cikin Satumban 1944, M18 na bataliya ta 704 sun yi wa Panther kwanton ɓauna cikin hazo, suka yi musu ɓarna mai yawa. Idan kuma wuta ta kama, mutum tsalle ɗaya zai yi ya dira ƙasa, ba sai ya yi kokawa da murfin ƙarfe ba.

Ba Amurkawa kaɗai ba ne. SU-76 ta Tarayyar Sobiyet da rufinta ta fara, daga baya aka cire shi, aka ƙera wajen 14,000. Jamusawa na da Marder da Nashorn, Birtaniya na da Archer. Duk waɗannan wawaye ne, sai mai wayar salula na yau ne ya farga? Masu kafa hujja da Hetzer ta Jamus don ita a rufe take ruf, su fara tambayar yadda mutum huɗu ke cushe a cikinta, gefenta na dama kuma kusan makaho.

Ban ce ba a biya farashi ba. An biya, da jini. A dajin Hürtgen na Jamus harsasan igwa na fashewa a kan bishiyoyi, ɓaraguzan ƙarfe su zubo cikin motar kamar ƙanƙara. A cikin gari gurneti ɗaya daga tagar bene ya wadatar. A sanyin Disambar 1944 kuwa, tamfol ne kawai tsakanin mutum da dusar ƙanƙara. Shi ya sa wasu sojoji suka riƙa ɗora faranten ƙarfe da kansu, daga baya aka yi wa M36, wata motar farautar tanka ta Amurka, rufi mai naɗewa.

To amma wa ya kai ta dajin? Nan ne laifin yake, kuma nan ne masu sharhin ba sa taɓawa, don sai an yi karatu. Tsarin da Janar Lesley McNair na sojan Amurka ya tsaya a kai shi ne a ajiye bataliyoyin farautar tanka a baya, sai rundunar tankoki ta fasa layi kamar yadda Jamus ta yi wa Faransa a 1940, sannan su ruga su tare ta. Irin wannan harin da ƙyar ya sake faruwa. El Guettar ta Tunisiya a Maris na 1943 na cikin 'yan kaɗan. Kwamandoji suka ga abu mai sarƙa da igwa yana zaune, suka ce ai tanka ce, suka tura ta gaban sojan ƙasa lungu-lungu. An ɗaura wa karen farauta garma, sannan ana zaginsa bai iya huɗa ba. Yaƙi na ƙarewa, Amurka ta rushe rundunar gaba ɗaya.

Mu a nan ma bai kamata a yi mana wannan burga ba. A Fada ta arewacin Chadi, a Janairun 1987, sojan Chadi a bayan Toyota buɗaɗɗiya, da MILAN, makami mai linzami na fasa tanka da Faransa ta ba su, suka ƙone tankokin T-55 na Libiya da dama. Ko rufin kwano babu a kansu. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ga gudu, ga ido.

Duk mai son yanke wa motar yaƙi hukunci, ya fara faɗa mana abin da aka ƙera ta ta kashe da kuma filin da aka nufa da ita. Kejin da suke yabo ma da nasa farashin. Wasu tankokin Rasha da aka lulluɓe da kwano har ake kiran su kunkuru, kan igwarsu ba ya iya juyawa, kuma na ciki gabansa kaɗai yake gani.